Jirgin Alhassan Ba Ya Wuce Mararraba

Ku yi mini gafara tun kafin ku fara. Ban taɓa rubuta labari ba, ban ma sani ba ko ya kamaci irina ta yi. A lakol, makarantar nasara, Mushe malaminmu bai koya mana rubuta Hausa ba, faransanci kaɗai ya koya mana, shi ma da bulala. Haruffan nasara na aro nake ɗaure maganarmu da su, inda suka kasa ku cika da bakinku. Ƙawayena, ke Husaina da ke garin Buza, da ke Biba a Keita, na san ku za ku fara dubawa kafin ku karanta wa matan gidajenku. Don Allah in kun zo kan sunana ku sassauta murya. Kuma ku riƙe kayen nan, littafin rubutuna, da hannu biyu, takardunsa a sake suke, zaren da ya ɗinke su ba ya nan. Za ku ji inda ya tafi.

Ga waɗanda ba su san ni ba, sunana Zaliha, ɗiyar Jika baduku a Madawa. Shekarata goma sha bakwai, ni kaɗai Allah ya raya wa iyayena. Shekarar da kumandan ya ce kowace unguwa ta ba da yara lakol, masu ƴaƴa maza suka tura su gona suka ɓoye. Dogari ya shigo gidanmu ya tarar da ni ina tankaɗe, ya kama hannuna. Shekara biyar na yi. Inna tana cewa lakol ta cinye mini baki ta bar mini ido, kuma ba ta yi ƙarya ba, ko gaisuwa nake yi sai muryata ta yi rawa. Sa'o'ina duk suna ɗakunansu, wasu da goyo. Ni ina nan da kaye a ƙugu.

Alhassan ɗan Gwaggo Kaltume ne, ƙanwar Baba. Taubashina ke nan. Kafin a ɗauke shi soja ba ni da sakat a gabansa. Mushe Zaliha yake ce mini. Sai ya fizge kayena, ya riƙe shi a kife, ya toshe hanci yana karanta faransancin ƙarya har kaji su watse. Ina da shekara goma aka tafi da su, farkon yaƙin Jamus.

Bana ya dawo, ana cikin yankan gero. Kamyo, babbar motar kaya, ya sauke shi a bakin bariki da jar hula da kwat ta kaki wadda ta yi masa yawa a kafaɗa. Na yi kwalli, na ɗaura baƙin zanena mai shuni, na shirya amsar da zan ba shi in ya tsokane ni, shekara bakwai ina gyara ta. Da ya gan ni sai ya ce, “Sannu, Zaliha,” kamar yadda ake gaida baƙuwa a bakin rijiya. Na koma bayan rumbu na yi kuka, ban san dalili ba a lokacin.

Cikin kayansa akwai wani jan akwatin kwali da ya ɗaure da igiya. Kwana uku da dawowarsa ya kwance shi a tsakar gida. Jirgin ƙasa ne, amma ƙarami, na kwano. Kan jirgin baƙi ne da jan zane a gefe, tsawonsa kamar daga gwiwar hannu zuwa wuyan hannu. Bayansa akwai ɗan taragon gawayi mai murfi, sai taragai biyu koraye masu tagogi. Dogon, wato hanyar ƙarfen da yake bi, guntu-guntu ne, ana sossoka su a juna su zama zobe mai faɗin babbar tabarma. Akwai makulli da ake murɗawa a gefen kan jirgin kamar na agogo. A wuri ɗaya dogon ya rabu biyu, hanya ɗaya ta ci gaba da zagaye, ɗaya ta ratse zuwa wani ɗan gidan kwano. Shi yana ce wa wurin egiyaj, mu muka ce mararraba. Wani tsoho ma'aikacin dogo ne ya ba shi a Faransa, wanda ya ɓoye shi lokacin da ya kuɓuto daga hannun Jamus. Na ɗansa ne, ɗan kuma bai dawo ba.

Ba wanda ya taɓa ganin jirgin ƙasa a unguwarmu, ni ma a hoton littafin lakol na san shi. Da Alhassan ya murɗa makulli ya sake shi, abin ya tashi yana ƙaƙaƙaƙa, tsofaffi suka ja zannuwansu suna a'uzubillahi, liman ya duƙa yana leƙa taga ko zai ga mai tuƙi. Jirgin ya zagaya, ya zo mararraba ya wuce sumul, ya sake zagayowa ya sake wucewa. Ni ba jirgin nake kallo ba. Na ga gefen bakin Alhassan ya motsa. Bai kai murmushi ba, amma hanyarsa ce.

A cikin makon nan baffanninsa suka zo daga Urno da goron neman aurena. Baba ya karɓa ya ce a ba shi kwanaki. Ya sa Inna ta tambaye ni, na rufe fuska da gefen kallabi, Inna ta je ta ce masa ta amsa.

Sai a mako na uku jirgin ya fara tsayawa.

Na sani ne ta wasiƙa. Kullum da rana ni ke dama furar da ake kai wa Gwaggo, in ƙwaryar ta dawo sai in ɗaga faifai in tarar da ƴar takarda a naɗe, bayan takardun soja, da manyan haruffa karkatattu irin na wanda ya koyi rubutu da girma. Ga ta farko, yadda take:

“Zaliha. Jirgi ya tsaya ga egiyaj. Na sake murɗawa. Ya sake tsayawa.”

Ba gaisuwa, ba tsokana. Na ɗauka abin kwana ɗaya ne. Washegari wata ta zo: ya ce ya zaci tudun saƙar tabarma ne ke ɗaga dogon, don haka ya ciro ƙyauren ɗakinsa ya shimfiɗa a ƙasa ya jera dogon a kai. Ya tsaya. Ta gaba ta ce ya share ƙafafun da gashin zabo, ya samo man keke wajen tela ya ɗiga. Ya tsaya. Ya kai mararrabar wajen maƙeri an goge harshenta da magagari. Ya cire taragai ya bar kan shi kaɗai. Ya juya shi ya biyo ta ɗaya gefen. Ya kifa shi ya duba cikinsa ya fi a ƙirga, bai ga komai ba. Ko'ina jirgin yana gudu lafiya, da ya hau mararraba sai ya yi ƙat, kamar an riƙe shi ta baya, alhali da sauran ƙarfi a cikinsa.

Na rubuta masa cewa ya cire mararrabar mana, ya haɗa zoben haka nan. Ga amsar:

“In na cire shina zagaye lahiya. Na gwada. Ba haka nike so ba. Sai ya wuce.”

Kun san Madawa. Ɗakin namiji babu ƙyaure, ƙato kwance rubda-ciki a gaban kayan wasan yara tun hantsi har la'asar, ana jidar dammunan gero shi bai leƙa gona ba. A bakin rijiya in na iso sai a yi shiru, in na juya sai a ci gaba. Na ji an ce yaƙi ya taɓa shi. Na ji an ce abin da ke cikin jirgin ne ya gaji da zagaye ya koma kansa. Wata ta ce ai sun dace, mai magana da takarda da mai magana da gwangwani.

Inna ba ta kiran sunana, ni ce ta fari. Tana tsefe mini kai ranar Lahadi ta ja gashin da ƙarfi ta ce, “Ke, ba mu tilasta miki kowa. Amma masu cikakken hankali ba su ƙare ba garin ga.” Na yi shiru. Ta ce shirun nan nawa ne zai kashe ta.

Ranar Litinin Baba ya faɗi tasa. Yana zaune a zaure yana ɗinkin kube, na kawo masa ruwa, ya yi magana bai ɗago ba, kamar da fatar yake yi. Ya ce ranar Alhamis bayan la'asar zai je gidan Kaltume ya ga abin da idonsa, ranar Juma'a ya ba mutanen Urno amsa.

“In na tarar da abin da ake hwaɗi, goro shi koma inda ya hito. Ɗan ƴar'uwata ne, ina ci da shi har in mutu. Amma ba ni ba shi ɗiyata.”

Baba ba ya maimaita magana. Na koma ɗaki na zauna a bakin gado.

Abin da na iya a duniya ɗaya ne. Na rubuta wa Alhassan cewa in akwai takarda a cikin jan akwatin ya aiko mini. Ta zo a ƙarƙashin faifai, ta yi laushi don tsufa, da faransanci ƙanana-ƙanana da hoton kan jirgin a kife. Na karanta ta sau uku, ina bin kalmomin da yatsa. Rabinsu ban san su ba. Amma na gane wannan: a cikin jirgin ta ƙasa, tsakanin ƙafafu, akwai wani ɗan harshen ƙarfe, shi ne birki. In wani abu ya tura shi baya, jirgin zai tsaya nan take ko da an cika shi da murɗi. Na kuma tuna yadda mararrabar take. A ko'ina tsakiyar dogon fili ne, a nan ne kaɗai wani ƙarfe ya gitta ta tsakiya. Ke nan wani abu yana saukowa ya karo da ƙarfen, ya ture birkin. To mene ne, tunda Alhassan ya kifa shi bai ga komai ba?

Ranar Talata na kai furar da kaina. Na soke ƙaramin madubina a ƙugu kusa da kaye. Gwaggo tana sussuka a bayan gida. Na tsaya a bakin ɗakinsa na yi sallama, ya amsa bai juyo ba. Ya rame ƙwarai. Makullin jirgin yana rataye a wuyansa da igiya, a inda sauran maza ke rataya laya. Na ce ina so in ga yadda yake tsayawa. Ban san inda na samo muryar ba.

Ya murɗa, ya ajiye shi a kan dogo. Ni kuma na durƙusa na jingina madubin a gefen mararraba, na karkata shi yadda zai nuna mini ƙarƙashin jirgin. Jirgin ya taho. Kafin ya iso na ɗaga ido na dubi Alhassan, sai na ga abin da bai taɓa rubuta mini ba: ya runtse idanunsa gam, jijiyar wuyansa ta tashi. Ashe duk makonnin nan bai taɓa kallon lokacin da jirgin ke hawa mararraba ba. Ba ya iyawa. Sai ya ji ƙat ɗin sannan ya buɗe.

Na mai da ido kan madubi. Wani ɗan abu ja yana lilo a ƙarƙashin jirgin, bai kai ƙwallon dabino ba. Ya bugi ƙarfen da ya gitta, ya koma baya, ƙat. Alhassan ya buɗe ido, ya ɗauki jirgin ya kifa a tafin hannunsa kamar yadda ya saba, na ji wani ɗan sauti, abin ya faɗa can cikin cikinsa ya ɓace.

“Kin ga wani abu?”

Na ce ban gani ba. Allah ya yafe mini. Na ga jar fata, kuma na san jar fatar nan. Wata guda da ƴan kwanaki da suka wuce Gwaggo ta zo zaurenmu da ƴar takardar malam a naɗe, ta ce Baba ya ɗinke mata ƙarama yadda zai iya. Baba har ya yi mata ba'a, ya ce ko jinjiri ta samu ba ta faɗa ba. Ni na shafa wa zaren kakin zuma.

Ranar Laraba takardar da ta zo ta fi kowace tsawo. Zan kwafe muku ita, ban taɓa nuna wa kowa ba.

“Zaliha. Ina da aboki, Bawa, mutumin Ibohamane. Shekarar da Faransa ta hwaɗi muna cikin jirgi. Ya tsaya ga egiyaj, an ce ta lalace. Bawa ya ce mu sauka mu shiga daji. Na ce mishi zauna, yanzu shi tashi. Na sauka ɗibar ruwa. Jiragen sama sunka zo. Jirgin bai tashi ba. Ni na ce mishi zauna.”

Na karanta a bayan rumbu. Na daɗe a wurin har Inna ta yi ta kira.

Duk Alhamis da safe ana kiran tsofaffin soja a bariki a duba sunayensu. Na jira har na hango jar hularsa ta sha kwana, na ce wa Inna Gwaggo ta ce in zo in taya ta shiƙa. Na shiga ɗakin. Na ajiye madubi a ƙasa, na riƙe kan jirgin a tsaye a bisansa, na girgiza a hankali. Layar ta sauko tana lilo. Igiyarta ta fata ce, an naɗe ta a sandar da ke haɗa ƙafafun baya. Na zaro tsinken kitso daga kaina.

“Mi kike yi nan?”

Gwaggo ce a bakin ƙofa, ƙaiƙayi a gashin idonta. Ta dubi hannuna ta dubi madubin. Ta shigo ta zauna daɓas a ƙasa, ta ce in ajiye, don girman Allah in ajiye.

Ita ma ba ta kiran sunansa, shi ne ɗanta na fari. Taubashinki take cewa. Ta ce tun da ya dawo ba ya barci, sai ya zabura yana kiran wani suna. Ta karɓo masa taimako, Baba ya ɗinke, ta kai masa. Ya ce abokinsa layu bakwai ke jikinsa ranar da aka kwashe shi a bargo. Ya rantse in ta sake kawo masa laya, ko ta sa masa a riga ko a ƙarƙashin matashi, zai bar mata gidan ya tafi garin Tawa ba zai waiwayo ba. Ta rasa yadda za ta yi. Sai ta duba ta ga abu ɗaya ne ba ya rabuwa da shi. Ranar wata Alhamis irin wannan ta tura layar ta ƙasa da tsinke, ta naɗe igiyar, ta cusa ta ciki yadda ba za a gani ba.

Na ce mata ita ce ke tsayar da jirgin. Na nuna mata harshen birki, na nuna mata ƙarfen da ya gitta. Ta daɗe tana kallo. Ba ta taɓa haɗa abu biyun ba, ta ɗauka ciwon ne ya ƙaru, har tana shirin karɓo ta biyu.

“Ashe ni ce,” in ji ta. “Ni na cire ma ɗana ƙyaure.”

Na ce ba wanda zai ji daga bakina. Ta ce duk da haka ba za a raba layar da jirgin ba, in an raba me ya rage masa? Ta riƙe wuyan hannuna da ƙarfi, tafinta kaushi kamar dutsen niƙa. Na duba ko'ina cikin ɗakin, idona ya faɗa kan ɗan taragon gawayi. Na sa farce na ɓamɓare murfin. Cikinsa wayam, da wani ɗan ƙugiya a gefe. Na ce a nan ba ta taɓa komai, kuma duk inda kan ya tafi tana biye da shi.

“Daga baya tana kai gare shi?”

Na ce, “Gwaggo, ke ma ai daga baya kike.”

Ta sake ni. Ta yanke igiyar da haƙori, don ba ta yarda a sa wa laya wuƙa ba. Amma igiyar ta gajarce, ba ta isa ɗauri, in kuma aka bar layar a sake za ta yi ƙara ya ji. Gwaggo ta miƙe za ta nemo zare, sai muka ji ƙarar takalman soja a zaure. Na zaro kayena daga ƙugu, na buɗe tsakiya, na ciji jan zaren da ya ɗinke shi na fizge. Ƙulli biyu na yi, na mai da murfin, na jera komai yadda na tarar. Da ya shigo muna tsakar gida da faifai a hannu.

Makulli yana wuyansa, ban gwada ba. Ban sani ba ko na lanƙwasa harshen birkin da tsinke, ko goge-gogen maƙeri ya riga ya ɓata mararrabar.

Da aka sauko daga sallar la'asar Baba ya sa farar rigarsa ta zuwa ta'aziyya, ya yafa mayafi, ya fita. Inna ta miƙo mini tulu ta ce in tafi rijiya in daina kallonta haka. Na ɗauka na fita, na bi ta bayan gidan Gwaggo inda darni ya ɓalle. Na ajiye tulun, na tsuguna a bayan rumbu. Daga nan ana ganin ɗakin, tunda ba ƙyaure.

Alhassan ya sa riga mai tsabta, ya durƙusa ya gaida kawunsa. Na ga ya tura dogon gefe ya rufe da bargo. Baba ya tsaya a bakin ƙofa da takalmansa a ƙafa, bai amsa tayin tabarma ba. Ya tambayi lafiya, ya tambayi gona. Sannan ya nuna bargon da haɓa ya ce ba ɓoyo ya zo gani ba, a buɗe.

Alhassan ya yaye bargon. Ya haɗa taragai. Ya ciro makulli daga wuya, sai da ya soka sau biyu kafin ya shiga. Gwaggo tana bakin murhu tana hura wutar da ta riga ta kama.

Jirgin ya tashi. Ya yi rabin zobe, ya nufo mararraba. Alhassan ya runtse ido. Baba ba jirgin yake kallo ba, fuskar yake kallo, na kuwa ga ya gani. Ni na cusa gefen kallabi a baki.

Ƙaƙaƙaƙa, ƙaƙaƙaƙa.

Ƙat ɗin bai zo ba. Alhassan yana nan idonsa a rufe, yana jira. Jirgin ya zagayo ya sake hawa ya sake wucewa. A na uku ya buɗe ido, ya kalla, tun daga hawansa har wutsiyar tarago na ƙarshe. Ya bi shi da ido har ƙarfinsa ya ƙare ya tsaya da kansa can nesa da mararraba.

“Ya wuce,” in ji shi, a hankali.

Baba ya ce, “Wa kake hwaɗa ma? Ba ni ba ne.”

Sannan Alhassan ya fara magana, kansa a ƙasa. Ba duka nake ji ba. Na ji Bawa, na ji Ibohamane, na ji ruwa. Na ji ya ce akwai zobe da ƴar jakar fata a ƙasan akwatinsa, na uwar Bawa ne, wata biyu ke nan ya kasa kama hanyar garinsu can wajen Keita, don bai san da bakin da zai ce mata shi ya ce a zauna ba. Yana cikin magana na ga Baba ya sunkuya ya cire takalmi ɗaya, ya cire ɗayan, ya shiga ya zauna a ƙasa kusa da ƙyauren. Bai katse shi ba har ya gama.

“Wanda ya ce zauna da wanda ya ce sauka, ba su ka riƙe da kwana ba,” in ji Baba. “Amma saƙo ga hannunka yake. Asabar ka ɗauki raƙumin maƙwabcina ka kai mata, ka hwaɗa mata yadda ka hwaɗa mini. Ba ni ba da ɗiyata ga mai saƙon mamaci ga akwati. In ka komo ka mai da ƙyauren ga, ɗakin amarya ba ya zama a buɗe.”

Gwaggo ta kifa fuska a gwiwa.

Baba ya ce a sake murɗa masa, ɗazu bai kalla ba. Alhassan ya ɗauko kan jirgin, ya kai hannu zai gyara taragon gawayi, sai murfin ya zame. Ban danna shi da kyau ba. Ya faɗi a kan ƙyaure ya yi ƙara.

Su biyu suka duba ciki. Baba ya san ɗinkinsa, ko a duhu zai san shi. Alhassan kuma ya san layar da ya ƙi. Na ga fuskarsa ta ɗaure, ya juya ya dubi bayan uwarsa, na ce shi ke nan, Tawa. Sai ya sake duba cikin taragon. Ya sa ɗan yatsa ya taɓa ƙullin. Jan zare ne, irin wanda babu shi a kasuwar Madawa, wanda ya sha gani a tsakiyar kayen da yake riƙewa a kife.

Sannan ya ɗauki murfin ya mayar, ya danna shi da babban yatsa har ya zauna. Ya soka makulli. Yana murɗawa ya toshe hanci da ɗaya hannun, ya ce da wata murya da rabona da ita shekara bakwai:

“Mushe Zaliha ba ta iya ƙulli ba.”

Baba ya yi kamar bai ji ba, ya ce a sake shi mana. Amsar da na yi shekara bakwai ina gyarawa ta zo mini har baki. Na haɗiye ta. Jirgin ya tashi, kawunansu uku suka bi shi. Na ɗauki tuluna wayam, na tattare zane, na fice ta inda darni ya ɓalle kafin wani ya waiwayo.